Kama da Wane Ba Ta Wane: Nazarin Salon Wasan Lamar Jackson a Jami'ar Louisville

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka akwai wani wasa wanda mutanen can suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake mafi yawan aikin da ake yi a cikinsa da hannu ne da ƙirji. Jami'o'in ƙasar suna da gasa tasu ta wannan wasa, wadda ta girmi ta ƙwararru nesa ba kusa ba, domin tun a shekarar 1869 aka yi karawar farko tsakanin jami'ar Rutgers da ta Princeton, ita kuwa gasar ƙwararru, wadda ake kira NFL a yau, sai a 1920 aka kafa ta. Filin wasa na jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. A cikin 'yan wasa 11 da kowane ɓangare yake fitarwa akwai mutum ɗaya wanda idon kowa yake kansa, shi ne wanda ake kira kwatabak.

Al'adar masu sharhin wannan wasa ce, da zarar wani sabon kwatabak ya yi fice a jami'a, sai su nemo wani na baya su ce ai da shi ya yi kama. Wannan kamantawa ba hirar shayi ba ce kurum. Da ita ƙungiyoyin ƙwararru suke auna darajar yaro, da ita kuma suke yanke shawarar ko su ɗauke shi ko su bar shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta dubi salon wasan Lamar Jackson a jami'ar Louisville daga 2015 zuwa 2017, ta gwada shi da na waɗansu fitattu huɗu, watau Michael Vick da Tim Tebow da Cam Newton da Joe Burrow, domin a ga inda kamar take da inda ta ƙare. Daga nan kuma za a nuna abin da gurguwar kamantawa ta so ta jawo wa shi Jackson ɗin.

2.0 Tsarin Wasan da Aikin Kwatabak

Kafin mu shiga cikin kwatancen, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake a taƙaice. Tsawon filin yadi 100 ne, sa'an nan a kowane ƙarshe akwai wani yanki mai zurfin yadi 10, wanda za mu kira gida. Ƙwallon ba mulmulalle ba ne kamar wanda muka saba gani, siffar ƙwai gare shi, da tsini a kowane kai. Ɓangaren da yake riƙe da ƙwallo, watau masu hari, akan ba shi yunƙuri 4 domin ya ci yadi 10 gaba. In ya ci, a sake ba shi waɗansu 4. In kuwa ya kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawarsa. Duk wanda ya shiga gidan abokan hamayya riƙe da ƙwallo, ko ya cafe shi a can ciki, ya samo wa ɓangarensa maki 6. Wannan shi ne za mu riƙa kira babban ci.

Hanya biyu ce ake cin gaba da ita, ko dai a ruga da ƙwallo a hannu, ko a jefa shi gaba wani ya cafe. Jifan gaba sau ɗaya tak aka yarda a yi a cikin kowane yunƙuri, kuma dole mai jifan ya kasance bai ƙetare layin da aka fara yunƙurin ba. A kan wannan layi akwai ƙarti 5 waɗanda aikinsu shi ne tare masu tsaro. Su za mu kira ganuwa. Akwai 'yan cafe, waɗanda suke rugawa gaba su jira jifa. Akwai kuma ɗan gudu, wanda ake miƙa wa ƙwallo hannu da hannu ya keta da shi.

Shi kuwa kwatabak matsayinsa kamar na madugu ne a cikin ayari. Shi yake karɓar shiri daga koci ya sanar da sauran, shi yake duban yadda masu tsaro suka jeru, in ya ga shirin ba zai yi ba ya sake wani nan take. Da an miƙo masa ƙwallo, bai fi daƙiƙa 3 yake da ita ba kafin masu tsaro su fasa ganuwa su cim masa. A cikin wannan ɗan lokaci zai dubi ɗan cafe na farko, in an tsare shi ya juya ga na biyu, har zuwa na uku. In jifansa ya faɗa hannun mai tsaro, an yi masa ƙwace ke nan. In kuwa aka kama shi da ƙwallo a bayan layi, an kayar da shi, ɓangarensa ya yi asarar yadi. Abin lura a nan shi ne, a ƙididdigar wasan jami'a, yadin da aka yi asara wajen kayarwa daga cikin yadin gudun kwatabak ake cire shi. Saboda haka duk adadin gudu da za a kawo a nan gaba, abin da ya rage ne bayan an yi wannan ragi.

3.0 Salo Iri Biyu da Ma'aunin Kwatance

Masu sharhi sukan kasa kwatabak gida biyu. Na farko shi ne mazaunin ganuwa, wanda yake tsayawa a bayan ƙartinsa ya yi aiki da ido da hannu, ba ya gudu sai ta kama dole. Peyton Manning, wanda ya yi wa jami'ar Tennessee wasa daga 1994 zuwa 1997, shi ne misalin da aka fi kawowa. Na biyu shi ne mai jifa da gudu, wanda ƙafarsa makami ce kamar hannunsa.

Amfanin na biyun lissafi ne mai sauƙi. Idan kwatabak ba ya gudu, da ya miƙa ƙwallo ga ɗan gudu shi ya zama ɗan kallo, watau masu hari sun koma 10 ke nan a gaban masu tsaro 11. Amma idan ana tsoron gudunsa, sai koci ya bar mai tsaro ɗaya na gefe ba tare da kowa ya tare shi ba. Kwatabak ya sa ƙwallo a cikin ɗan gudu yana kallon wannan mai tsaro. In ya bi ɗan gudu, kwatabak ya zare ƙwallo ya bi ta inda ya bari; in ya tsaya jiran kwatabak, sai a sakar wa ɗan gudu. Ko ta ina ya bi, ya yi kuskure. Ta haka an cire mutum ɗaya daga cikin masu tsaro ba tare da an taɓa shi ba.

Matsalar wannan rabo na gida biyu ita ce, gida na biyu ya tara mutane masu salo dabam-dabam a ƙarƙashin suna ɗaya. Don haka a wannan maƙala za a yi amfani da ma'auni uku wajen kwatance. Na ɗaya, mene ne yake sa kwatabak ya yi gudu: shiri ne na koci, ko kuwa tsira ce bayan ganuwa ta rushe? Na biyu, yaya yake yin gudun: da zilliya ko da ƙarfin ƙirji? Na uku, wane irin nauyin jifa aka ɗora masa, kuma a cikin wane irin tsari?

4.0 Lamar Jackson a Louisville

An haifi Lamar Jackson ranar 7 ga Janairu, 1997, a garin Pompano Beach na jihar Florida. Ya shiga jami'ar Louisville da ke jihar Kentucky a 2015, a ƙarƙashin koci Bobby Petrino. Tsayinsa ƙafa 6 da inci 2, nauyinsa kuwa bai kai kilo 100 ba lokacin da ya bar jami'a, watau a cikin masu wannan wasa siriri ne.

Kakar 2016 ita ce ta fito da shi. A wasan farko, da jami'ar Charlotte, ya yi babban ci 8 tun kafin a tafi hutun rabin lokaci, 6 ta jifa, 2 ta gudu. A wasa na biyu, da Syracuse, ya tara yadi 610, har ya yi tsalle ya ƙetare kan wani mai tsaro ya shiga gida. A na uku, Louisville ta lallasa Florida State da maki 63 da 20, alhali a lokacin Florida State ce ta biyu a jerin gwanayen ƙasa. A ƙarshen kakar, a cikin wasa 13, ya yi jifa 409 wanda 230 suka isa hannu, watau kashi 56.2 cikin 100, ya ci yadi 3,543 da babban ci 30, aka yi masa ƙwace 9. Da ƙafarsa kuma ya ci yadi 1,571 da babban ci 21. A watan Disamba aka ba shi kofin Heisman, wanda tun 1935 ake bai wa gwarzon wasan jami'a kowace shekara. Bai cika shekara 20 ba a lokacin, ya zama mafi ƙanƙantar shekaru a cikin waɗanda suka taɓa samunsa. A 2017 ya ci yadi 3,660 ta jifa da 1,601 ta gudu, jifansa mai isa hannu ya tashi zuwa kashi 59.1.

Idan muka ɗora shi a kan ma'aunin nan uku, ga abin da za mu gani. Gudunsa iri biyu ne, akwai na shiri, akwai na tsira, kuma na shirin yana da yawa ƙwarai. Salon gudun na zilliya ne. Yakan nufi mai tsaro kamar zai yi karo da shi, ya dasa ƙafa ɗaya, ya karkata, kafin mai tsaron ya juyo ya bar shi yana rungumar iska. Ba kasafai ake samunsa a buge shi gaba da gaba ba. Wajen jifa kuwa, da wuyan hannu yake yi, kamar mai yarfe ruwa, ƙwallo ya fita da sauri ba tare da ya ɗaga kafaɗa sosai ba. Ya fi ƙwarewa a jifan tsakiyar fili. Aibin da masu nazari suka gani a gare shi shi ne yakan tsaya ƙafafunsa a matse, sai jifan da ya nufi gefen fili ya tashi sama ya wuce ɗan cafe. Bugu da ƙari, tsarin Petrino ba na sauƙi ba ne, domin shi mutum ne da ya yi aiki a gasar ƙwararru, kuma yakan bukaci kwatabak ya bi 'yan cafe da ido ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake yi a can.

Ba za a ɓoye ba kuma cewa kakar 2016 ba ta ƙare da daɗi ba. Louisville ta faɗi wasa 3 na ƙarshe a jere, a hannun Houston da Kentucky da LSU. A wasan Houston sau 11 aka kayar da Jackson a bayan layi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inda ganuwa ta zama ta kara, zilliyar mutum ɗaya ba ta isa.

5.0 Kwatance

5.1 Jackson da Michael Vick

Sunan da aka fi haɗa Jackson da shi shi ne Michael Vick, wanda ya yi wa jami'ar Virginia Tech wasa a 1999 da 2000. Vick bahago ne, tsayinsa ƙafa 6, yana da gudu irin na barewa da hannu mai ƙarfin gaske. A kakar 1999 ya kai jami'arsa wasan cin kofin ƙasa ba tare da an ci su ko sau ɗaya ba, kafin Florida State ta doke su da maki 46 da 29. A 2001 shi aka fara ɗauka a zaɓen ƙwararru, baƙar fata na farko a matsayin kwatabak da ya sami wannan daraja. Shi kansa Vick, bayan wasan Louisville da Florida State na 2016, ya bayyana cewa Jackson ya ninka shi sau 5 idan aka gwada da yadda yake a Virginia Tech.

A ma'auni na biyu lalle akwai kama, domin dukansu da zilliya da sauri suke gudu. A sauran biyun kuwa sun rabu. Ƙungiyar Virginia Tech ta wancan zamani a kan tsaro da miƙa ƙwallo ga 'yan gudu ta dogara. Jifan Vick a duk kakar 1999 bai kai 200 ba, gudunsa kuma bai kai yadi 700 ba. Mafi shaharar gudunsa na tsira ne, watau shiri ya lalace shi kuma ya mayar da shi riba. Jifansa kaɗan ne amma mai nisa. Jackson kuwa ya yi jifa fiye da 400 a kowace kaka ta 2016 da 2017, gudunsa kuma ya wuce yadi 1,500 a kowaccensu. Ashe ke nan abin da Vick yake yi jefi-jefi ya girgiza fili, shi aka mayar wa Jackson aikin kullum, aka kuma ɗora masa ninki biyu na nauyin jifa a kai.

5.2 Jackson da Tim Tebow da Cam Newton

Tim Tebow ya yi wa jami'ar Florida wasa daga 2006 zuwa 2009 a ƙarƙashin koci Urban Meyer. A 2007 ya yi babban ci 32 ta jifa da 23 ta gudu, ya ɗauki kofin Heisman. Cam Newton, wanda ya taɓa zama mai jiran gado a bayan Tebow a Florida, ya ɗauki nasa kofin a 2010 a jami'ar Auburn, inda ya ci yadi 2,854 ta jifa da 1,473 ta gudu, ya yi babban ci 30 ta jifa da 20 ta gudu. Auburn ta ci wasa 14 ba faɗuwa a wannan kaka, ta ɗauki kofin ƙasa bayan ta doke Oregon da maki 22 da 19.

Wanda ya dubi adadi kurum zai ce waɗannan biyu su ne 'yan uwan Jackson na jini, domin su ukun duka sun yi babban ci 50 ko fiye a kakar da suka ɗauki Heisman, kuma gudunsu na shiri ne. Amma a ma'auni na biyu bambancin a fili yake. Tebow ya haura kilo 105, Newton kuwa tsayinsa ƙafa 6 da inci 5, ya haura kilo 110. Su biyun da ƙirji suke gudu. In yadi 2 ya rage, sai su sunkuyar da kafaɗa su bi ta tsakiya, su ture wanda ya tare su. Jackson fili yake nema. Su kuwa karo ba ya ba su tsoro. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin masu cewa kwatabak mai gudu ba ya daɗewa a wasa, yawan bugun da jiki yake sha suke nufi, shi kuwa bugu ya danganta ne da irin gudun da mutum yake yi.

A ma'auni na uku ma akwai abin lura. Newton jifa 280 ya yi a wasa 14, Jackson kuwa 409 a wasa 13. Tebow a 2007 kashi 66.9 na jifansa ya isa hannu, watau ya ɗara Jackson da fiye da kashi 10. Amma Tebow yakan sauke ƙwallo har wajen ƙugunsa kafin ya kewayo da hannu ya saki, abin da yake cin lokaci. A jami'a, inda 'yan cafensa suka fi masu tsaronsu sauri, wannan bai hana shi kome ba. Da ya shiga gasar ƙwararru, jimillar jifansa mai isa hannu ta tsaya a kashi 47.9, bai kuma daɗe yana riƙe da matsayin ba. Jackson, mai kashi 56.2 a 2016, ya kai kashi 66.1 a gasar ƙwararru a 2019. Wannan ya nuna adadin jami'a shi kaɗai ba ya faɗin yadda hannu yake aiki.

5.3 Jackson da Joe Burrow

An kawo Joe Burrow nan ne domin ya tsaya a madadin ɗaya gidan. A 2019, a jami'ar LSU, ya yi jifa 527 wanda 402 suka isa hannu, watau kashi 76.3, ya ci yadi 5,671 da babban ci 60, aka yi masa ƙwace 6 kacal. Gudunsa yadi 368 ne. LSU ta ci wasa 15 ba faɗuwa. Burrow yakan motsa ƙafa, amma motsin na neman sarari ne a cikin ganuwa ko a gefenta, idonsa yana gaba yana jiran ɗan cafe ya kuɓuta. Wajen sa ƙwallo daidai inda ake so, musamman a gefen fili, babu shakka Burrow na 2019 ya fi Jackson na 2016 da na 2017.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a sa a kan sikeli. Na farko, shi wannan Burrow ɗin, a wannan jami'a, a 2018 kashi 57.8 ne na jifansa ya isa hannu, babban cinsa ta jifa kuma 16 ne, watau bai kai Jackson na 2017 ba. Abin da ya sake a 2019 shi ne an kawo sabon tsarin jifa ta hannun Joe Brady, wanda ya zo daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints, ga kuma 'yan cafe irin su Ja'Marr Chase da Justin Jefferson sun nuna. Hannun bai sake ba, gidan da yake aiki a ciki ne ya sake. Na biyu, shekaru. An haifi Burrow a watan Disamba na 1996, watau ya girmi Jackson da kimanin wata ɗaya. Ya ɗauki Heisman yana da shekara 23, a kakar da shi Jackson ya zama gwarzon shekara a gasar ƙwararru. Wanda zai gwada jifan su biyun a jami'a, to, ya tuna yana gwada ɗan shekara 19 ne da ɗan shekara 23.

6.0 Abin da Kamantawa Ta Jawo

Kowace shekara ƙungiyoyi 32 na gasar NFL sukan zauna su zaɓi 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye 7, ƙungiyar da ta fi faɗuwa ita take fara zaɓe. Gwargwadon yadda aka ɗauki yaro da wuri, gwargwadon kuɗinsa da damar da za a ba shi. Gabanin zaɓen 2018, Bill Polian, tsohon shugaban ƙungiyar Indianapolis Colts wanda shi ya ɗauki Peyton Manning a 1998, ya faɗa a kafar ESPN cewa ya fi kyau Jackson ya bar matsayin kwatabak ya koma ɗan cafe. Jackson ya ƙi. Da aka tara 'yan wasa domin gwaji kafin zaɓe, ya ƙi yin tseren yadi 40 da aka saba yi, ya tsaya a kan jifa kaɗai.

Wannan magana tana da tarihi a bayanta. Marlin Briscoe, baƙar fata, ya riƙe matsayin kwatabak a ƙungiyar Denver Broncos a 1968, amma sauran rayuwarsa ta wasa a matsayin ɗan cafe ya yi ta. Warren Moon ya ci wa jami'ar Washington wasan Rose Bowl a watan Janairu na 1978, duk da haka babu ƙungiyar da ta ɗauke shi a zaɓen shekarar. Sai da ya tafi Kanada ya ɗauki kofin can sau 5 a jere tare da ƙungiyar Edmonton kafin ya dawo gasar Amurka a 1984. An daɗe a Amurka ana ganin baƙar fata mai sauri ya dace da ko'ina a fili ban da wurin da ake ba da umarni. Ba lalle ne duk wanda ya soki jifan Jackson wannan ne a ransa ba, domin aibin da aka ambata a baya na gaske ne. Amma ga abin dubawa: Josh Allen na jami'ar Wyoming, farar fata, dogo, mai jifa da gudu shi ma, kashi 56.3 ne na jifansa ya isa hannu a 2017, ƙasa da na Jackson. Shi an kamanta shi da manyan masu jifa, aka ce gyara kaɗan yake bukata, aka ɗauke shi na 7.

A daren zaɓen an ɗauki kwatabak 4 kafin Jackson: Baker Mayfield na 1, Sam Darnold na 3, Josh Allen na 7, Josh Rosen na 10. Jackson shi ne na 32, na ƙarshe a zagayen farko, a hannun ƙungiyar Baltimore Ravens. A kakar 2019 ya fi kowa yawan babban ci ta jifa a duk gasar, guda 36, ya kuma ci yadi 1,206 da ƙafa, ya karya tarihin yadi 1,039 da Vick ya kafa a 2006. Duk masu jefa ƙuri'a suka zaɓe shi gwarzon shekara, babu wanda ya ware. A cikin shekarar ne Polian ya amsa cewa ya yi kuskure. Jackson ya sake zama gwarzo a kakar 2023. A 2024 ya ci yadi 4,172 ta jifa da babban ci 41, ƙwace 4 kacal, ko da yake a wannan kaka Josh Allen ne ya ɗauki lambar gwarzo. Watau waɗanda suka ga alheri a Allen ba su yi kuskure ba. Kuskuren shi ne haƙurin da aka yi da ɗaya ba a yi shi da ɗayan ba. Masu sukar Jackson har wa yau suna da abin kamawa, domin har zuwa ƙarshen kakar 2024 bai kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na cin kofi ba. A watan Janairu na 2024 saura mataki ɗaya Kansas City ta fitar da su da maki 17 da 10. Amma wannan suka ce da ake yi wa kwatabak a matsayinsa na kwatabak.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an yi ƙoƙarin bayyana tsarin ƙwallon Amurka da aikin kwatabak, sa'an nan aka gwada salon Lamar Jackson da na mutum 4 bisa ma'auni 3. An ga cewa ya yi tarayya da Vick a zilliya, amma ya fi shi ɗaukar nauyin jifa da gudun shiri. Ya yi tarayya da Tebow da Newton a gudun shiri da yawan ci, amma su da ƙirji suke gudu, shi da kauce wa karo. Ya gaza Burrow wajen daidaita jifa, amma tarihin Burrow ɗin kansa ya nuna cewa tsari da abokan aiki da shekaru suna da hannu a cikin kowane adadi.

Ɗalibin adabi ya san cewa idan aka ce wane kamar zaki ne, siffa ɗaya aka ɗauko daga zakin, ba a ce mutumin yana da geza ba. Haka abin yake a nan. Gudu shi ne abin da ido ya fi saurin gani a wasan Jackson, sai aka ɗauki wannan siffa ɗaya aka yi masa hukunci da ita, aka manta da jifa fiye da 800 da ya yi a kaka biyu. A ganina, duk mai son kamanta ɗan wasa da wani, ya wajaba ya faɗi ta fuskar da suka yi kama, ya kuma faɗi inda kamar ta tsaya, domin a zaɓen 2018 sana'ar yaro ɗan shekara 21 ce take rataye a kan wannan kamantawa.